Littafin Poe mai zanen Harry Clarke: abinda na gani bayan wata biyu a hannuna

Wata biyu kenan da littafin nan ya iso hannuna, kuma sai yanzu na ji zan iya cewa wani abu a kansa. Sabon bugu ne na labaran Edgar Allan Poe, marubucin nan na Amurka da ya rasu a 1849, wato Tales of Mystery and Imagination, mai ɗauke da zanen Harry Clarke. Gaskiya ba don labaran na yi oda ba, na taɓa karanta su, zanen ne ya ja ni. A waya na fara ganin hoto ɗaya, na yi ta zuƙo shi ina ƙara zuƙowa har ya dushe, daga nan na ce sai na riƙe abin nan a takarda.

Clarke ɗan Ayalan ne, an haife shi a Dablin a 1889, babansa yana da shagon ƙawata coci, a nan ya koyi aikin gilashi mai launi, irin tagogin nan da ake yanka gilashi gutsi-gutsi a haɗa da dalma. To wallahi wannan shi ne sirrin littafin gaba ɗaya. Mutumin da ya saba rana ce ke cika masa aikinsa, in ka ba shi farar takarda da baƙin tawada, ba zai yi zane kamar kowa ba. Sai ya malale shafi da baƙi ƙirin ya bar ƴan ƙofofi farare, ka ga kamar haske ne ke ratsowa ta bayan takardar.

Akwai hoton da na fi daɗewa a kai, na mutumin da aka ɗaure a kurkuku, wuƙa na lilo a samansa tana saukowa a hankali, ɓeraye sun hau shi ko ta ina. Na farko tsoro ne zai kama ka, amma in ka matso da littafin kusa da fitila sai ka fara ganin aikin, layi siriri kamar gashi, ɗigo kan ɗigo, ko ina akwai abin kallo, kuma duk da alƙalami aka yi. Mutanensa dogaye ne ramammu, yatsu zara-zara, idanu manya sun faɗa ciki, su kuma tufafin an cika su da ado har sai da suka tuna min da aikin hannu na wuyan babbar riga, wanda mai ɗinki zai share watanni yana bi da allura. Wannan salo na duhu da kabari da tsoffin gidaje shi Turawa ke ce wa gotik, kuma ban ga wanda ya kai shi iya shi ba.

Bugun asali ya fito a 1919 da hotuna baƙi da fari, sai a 1923 aka sake fitar da shi aka ƙara guda 8 masu launi. Nawa yana da duka biyun, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Baƙi da farin sun fito tas, takardar tana da kauri, tawada bata huda zuwa bayan shafi ba, bangon ma mai ƙarfi ne. Amma masu launin sun yi min sanyi, sun fito dishi-dishi kamar an bar su a rana. Ya dame ni sosai, don Clarke da launi aka san shi, musamman shuɗinsa mai zurfi, wanda a gilashi har yakan ɗora wani kan wani ya kuma cinye saman da ruwan asid don ya samu kalar da yake so. Sannan ɗaurin ya matse, in hoto ya kusanci tsakiya sai ka danne littafin da hannu biyu, ni kuma ina tsoron ya ɓalle. Ga kuɗin aikowa da ya kusa kamo kuɗin littafin kansa.

Dalilin littafin nan na shiga neman hotunan tagoginsa, na ƙaramin cocin Honan da ke birnin Kok a Ayalan, da kuma tagar Janeba, wadda gwamnatin ƙasarsa ta sa shi ya yi don a kai birnin Janeba na Suwizalan sannan ta ƙi aikawa da ita saboda tana ganin wasu hotunan basu dace ba, yanzu tana wani gidan adana kayan tarihi a Mayami ta Amurka. Tarin fuka ya kashe shi a Suwizalan a 1931, yana da shekara 41 kacal, abin ya tsaya min a rai, don yawan aikin da ya bari sai ka ɗauka dattijo ne.

Wanda zai saya ya sani ba littafin yara ba ne, akwai gawa, akwai jini, akwai kuma wuraren da jiki ke buɗe, ni kaina a saman kabad nake ajiye shi. Kuma kafin ka biya ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafukan ciki, don akwai bugu masu araha da suke ƙanƙance zanen su cushe shi a takarda mai laushi, layukan nan sirara duk su haɗe su zama baƙi ɗaya. Nemi mai faɗi, mai bango mai tauri, kuma ka tambaya ko hotuna 8 ɗin nan suna ciki.