Manhajar da ta hana ɗana fara lissafi kafin ya zana tebur

Wata uku ke nan da na sauke wata manhajar koyon lissafi a waya saboda ɗana, wanda tambayoyin nisa da gudu da lokaci suka tsaya masa a wuya. Idan ka ba shi 40t + 40 = 60t, kafin ƙiftawar ido ya gama. Amma da an ce "wata mota ta tashi da safe", sai ya zuba wa takarda ido ya yi tagumi.

Abin da ya sa ban goge manhajar ba shi ne teburinta. Ba ta barin yaro ya fara lissafi sai ya cika gida uku ga kowane matafiyi: gudu, lokaci, nisa. Na zauna kusa da shi ranar da ta kawo wannan: mota ta tashi tana kilomita 40 a awa, bayan awa ɗaya wata ta bi ta tana kilomita 60 a awa, yaushe za ta cim mata? Ya rubuta t a gidan lokacin ta biyu, ya yi jim, sannan ya sa t + 1 a na ta farko. Tun da gudu sau lokaci ne ke ba da nisa, kuma a inda suka haɗu nisansu ɗaya, sai ga 40(t + 1) = 60t ta fito da kanta. Awa 2. Ya ce, "Baba, ashe labarin ne lissafin."

Ni ma ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Tafiyar kilomita 120, an je da gudun 60 an dawo da gudun 40, nawa ne matsakaicin gudu? Da ƙarfin gwiwa na ce 50. Ta nuna mini zuwa ya ci awa 2, dawowa awa 3, wato kilomita 240 cikin awa 5: amsar 48 ce. Yaron ya yi mini dariya har da riƙe ciki.

Inda ta ba ni haushi shi ne wajen minti. Ya shigar da minti 45 a matsayin 0.45, ita kuwa ta yi ja kawai, babu bayani. Sai da na zana masa agogo na raba shi huɗu kafin ya ga cewa kashi uku cikin huɗu na awa ne, 0.75. Ga kuma maɓallin nuna amsa a gefen yatsa, kuma babu yadda iyaye za su rufe shi. Sau biyu na same shi yana latsawa kafin ya karanta tambayar.

Yanzu dokar da na kafa ita ce: tebur a takarda da fensir tukuna, waya daga baya don dubawa. A haka nake ba ta huɗu cikin biyar.