Hayar mota daga Agadas zuwa duwatsun Abzin: inda ya cancanci a tsaya da inda ake ɓata mai

Masu shirya yawon buɗe ido a Agadas kusan abu ɗaya suke sayarwa: Land Cruiser da direbanta, ɗan jagora, mai dafa abinci, sai zagaye ta Dabous, Iferouane, bakin hamadar Tenere, Assode da Timia. Kuɗin na mota ne a kowace rana, ba na kai ba, don haka mutum huɗu a mota ɗaya sun fi samun sauƙi. Aikin yana da kyau idan an ba shi mako guda ko fiye. Wanda ya ce zai kai ka duk wuraren nan a kwana huɗu, zaman mota kawai zai sayar maka.

Kafin ciniki, a je a ga motar da ido. Sifeya biyu, ba ɗaya ba, domin duwatsun Abzin suna yanka gefen taya, kuma irin wannan yankan faci ba ya riƙe shi. A duba famfon iska, shebur, farantan ƙarfe da ake shimfiɗawa in mota ta kafe, fambel na ajiya, da lagireto ko yana yoyo. Kada a shiga rairayi da mota guda. Biyu ne mafi ƙaranci. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala. Sai a tambaya ƙarara ko kuɗin ya haɗa da mai, takardar izinin hanya da rakiyar jami'an tsaro, wadda hukuma ke wajabta wa baƙi 'yan ƙasar waje. A nan ne ake yawan samun saɓani, bayan an riga an bar gari.

Dabous tana gefen hanyar Arlit, kuma ita ce tsayuwar farko mai ma'ana. Raƙuman dawa biyu ne aka sassaƙa a kan dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Kuskuren direbobi da yawa shi ne isowa da tsakar rana, lokacin da haske ke faɗowa tsaye, zanen ya baje kamar babu shi. Da hantsi ko bayan la'asar inuwa ke shiga cikin sassaƙar, har ɗigon jikin dabbar ya fito ɗaya-ɗaya. Ba a taka dutsen da takalmi.

Iferouane wurin cika jarkoki ne da ganin aikin maƙeran azurfa. Kwana ɗaya ya isa.

Daga nan ake gane direban ƙwarai. Gabas da duwatsun, wajen Adrar Chiriet da Arakao, rairayin Tenere ya zo ya jingina da baƙin dutse. Kafin shiga, direban da ya san aikinsa zai tsaya ya sace iskar tayoyi zuwa kusan rabi, don taya ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa shi. Zai tashi da sassafe, saboda rairayin da ya kwana cikin sanyi ya fi tauri. Da rana ta take sai ya yi laushi, injin ya yi zafi, shan mai ya kusa ninkawa. In mota ta kafe, ba a ƙara mata wuta, ƙara nutsewa take yi kuma kuloci ya ƙone. Ana haƙe gaban tayoyi, a sa faranti, a fita a hankali. Mai ganganci kuma yakan manta ya mayar da iska in an koma kan duwatsu, nan take taya ta fashe.

Assode kufai ne na tsohon babban garin Abzinawa, da ragowar bangayen gidaje da na masallaci. In ba jagora mai bayani, tarin duwatsu kawai za ka gani.

Timia ce ta cancanci kwana biyu, amma yawancin masu shirya tafiya sa'o'i kaɗan suke ba ta. Lambunan lemu, rumman da dabino ne a tsakiyar duwatsu masu ƙuna, ana ba su ruwa daga rijiyoyi, ga kuma magangarar ruwa a wajen gari da ke zuba cikin wani tafki a gindin dutse. Hanyarta zuwa Agadas ta wuce kilomita 200, mafi yawanta cikin ƙoramu, shi ya sa daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan tare ta. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya, sai dai sanyin dare na sa haƙora kaɗawa, kuma bargon da ake bayarwa ba ya wadatarwa. Ka zo da naka.

Abinci ba laifi: taliya, shinkafa, gurasar tagella da ake gasawa cikin rairayi da garwashi, da shayi zagaye uku.

Wasu kan ƙara kuɗi su saka Bishiyar Tenere, wadda a da take tsaye ita kaɗai can cikin hamada, a tsarin. Ainihin bishiyar mota ta kaɓe ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, abin da ke wurin yanzu na ƙarfe ne. Wannan man gara a ƙona shi a ƙara dare ɗaya a Arakao.