Garin kifi ko waken soya: wanne za a ba tarwada?

Duk mai kiwon tarwada a Wudil ko Haɗejia ya san kuɗin abinci ke cinye riba. Shi ya sa ido ke kan waken soya: ga sauƙin kuɗi, ga shi a gonakinmu. Sai dai akwai wani sinadari, taurin (ba na kai ba), da kusan babu shi a tsirrai, garin kifi kuwa yana da shi sosai.

A matsarmamar bijimi aka fara gano taurin, a 1827. A jikin kifi yana haɗuwa da ruwan matsarmama a narkar da mai, yana kuma daidaita ruwa da gishiri. Hanta kan ƙera shi daga metayonin, wani sinadari da ke cikin furotin, kuma karfasa ta fi kifayen teku masu cin nama iya wannan aiki. A Japan, irin waɗannan kifayen teku da aka janye wa garin kifi, hantarsu komawa ta yi koriya.

To soya ba taurin, metayonin ɗin ma kaɗan ne. Ni dai 'ya'yan kifi garin kifi nake ba su, ko da aljihu zai yi kuka. Sai sun kai kaurin tsintsiyar hannu nake cakuɗa musu da gasasshen soya, ba ɗanye ba.