Na kai aikin ƴan tankokina wajen mai injin 3D a nan Garwa, ga yadda ta kaya

Salamu alaikum jama'a. Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan bayani saboda mutane biyu uku sun tambaye ni a ina na samo ƙananan tankokin nan da suka gani a kan teburina, to ba daga waje suka zo ba, a nan Garwa aka buga min su, wajen wani matashi da ke da ɗan butik ta wajen Yelwa. Asalin sana'arsa gyaran waya da buga kati, injin 3D ɗin, wato na'urar da ke ƙera abu mai jiki daga zanen kwamfuta, daga baya ya sayo shi daga Duwala.

Ga wanda bai san abin ba, wasan yaƙi ne na kan tebur, kowa da rundunarsa ta duniyar gobe, ana jefa dayis ana auna tazara da rula. Wanda aka fi sani shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, tun 1987 ake yinsa. Amma ni ba manyan nake yi ba, ƴan mitsi-mitsin nake so, masu milimita 6, soja ɗaya bai kai tsawon ƙwayar wake ba. Su ma suna da tarihi, a wajen wannan kamfani tun wasan Adeptus Titanicus na 1988 aka fara, har aka dawo da irinsu a 2023 da sunan Legions Imperialis. Daɗin ƙaramin sikeli shi ne runduna guda ta shiga gwangwanin biskit, kuma a kan tabarma ɗaya sai ka ga fagen fama sosai, ba mutum goma suna harbin juna ba.

Na je masa da fayil ɗin STL a waya, wato zanen siffar abin da injin zai buga, irin waɗanda masu zane ke rabawa kyauta a intanet, tanki 24 da motocin ɗaukar soja 8 da sojojin ƙasa 100. Abin da ya fara burge ni bai ce min kawo kuɗi kawai ba, sai da ya buɗe fayil ɗin a kwamfuta ya ce Malam wannan bakin bindigar ya yi siriri da yawa, in muka buga shi haka karyewa zai yi, bari in ƙara masa kauri kaɗan. Wallahi gaskiya ya faɗa. Ya kuma ba ni zaɓi, tunda injin shimfiɗa kan shimfiɗa yake gina abu, ko a buga da kaurin shimfiɗa 0.05 na milimita a gama da wuri, ko 0.03 a daɗe amma ya fito sumul, na ce a yi na biyun. Kwana huɗu ya ce, ya zama tara saboda kuran da ake ta ɗaukewa, in wuta ta tafi ana tsakiyar bugu to aikin ya lalace sai a sake daga farko, kuma bai ƙara min ko dala ba kan waɗanda suka lalace. Duka sefa dubu 18 na biya.

Tankokin kam ba magana. Sarƙar ƙafarsu, ƙofar sama, har ƴan ƙusoshin jiki duk sun fito, ka ɗora a tafin hannu ka yi ta kallo. Inda na samu matsala sojojin ƙasa ne. Shi resin, wato ruwan robar da injin ke daskararwa ya zama siffar, in an fito da shi daga inji ana wanke shi da alkol sannan a busar da hasken UV, irin wanda ke cikin hasken rana, shi kuma ba shi da akwatin busarwa, rana yake shanyawa, kun kuwa san ranar Garwa a watan Afrilu, zafi ya haura 40. Ya bar su sun daɗe har suka yi ƙarau kamar busasshen taliya, wajen cire su daga sandunan tallafi da injin ke bugawa tare da su don su riƙe su na karya kusan 15. Na koma na gaya masa, ya karɓi maganar ba musu, ya sake buga min 20 ya rage musu zama a rana, waɗannan sun fi ƙwari nesa ba kusa ba. Abu ɗaya da har yanzu bai kwanta min ba, yaron shagonsa yana taɓa ɗanyen resin da hannu ba safar roba, abin nan yana cin fata, na yi masa magana sau biyu, Allah ya sa ya ji.

Fenti kuma ni na yi da kaina, kuma a nan ne na koyi darasi. In za ka manna resin kada ka sayi gam ɗin roba na masu haɗa leda, ba ya kama shi, sufa gulu ɗin da ake sayarwa a babbar kasuwa shi ne daidai. Na wanke su da ruwa da sabulu, na fesa farin fenti na share fage da sassafe kafin iska ta tashi da ƙura. Kalolin Vallejo ne na ƙasar Sifen, ɗan yayata ya taho min da guda shida, kwalbarsu mai ɗigo ce shi ya sa ba sa saurin bushewa a ciki. Amma da ka ɗiga a faranti, kafin ka juya ya daskare, sai na jiƙa soso na shimfiɗa takardar gashin kek a kai nake zuba fentin a nan, yana kai awa guda da danshinsa.

Tankoki shida na farko na yi musu kore mai duhu irin na sojan gaske, na zauna ina ta ƙawata su da ƙaramin buroshi har wuyana ya ƙage, da na ajiye su a tabarma na miƙe tsaye sai na ga baƙin dunƙule kawai, duk wahalar ta ɓace. A wannan girman ido daga nesa yake gani, dole kala ta yi haske fiye da yadda hankalinka ke so. Sai na canja, jiki ruwan ƙasa mai haske kalar yashi, na bi da tsinkakken fenti mai duhu ya gangara cikin lunguna, bayan ya bushe na goga fari-fari da busasshen buroshi a kan gefuna, sannan jan layi ɗaya a kan kowace hasumiya don a san ƙungiya. Minti goma tanki ya gamu, kuma ya fi waɗancan kyau sau nawa. Sojojin biyar biyar na jera a kan ƴan faifai, na shafa farin gam na kafinta na barbaɗa yashin bakin Binuwai da na tankaɗe da rariyar gari, in ba ka tankaɗe ba tsakuwa ɗaya sai ta fi sojan girma.

Wanda ke Marwa ko Ngaundere ma zai iya aika masa fayil ta WhatsApp ya sa masa kayan a mota, amma ka ce ya naɗe su da auduga a cikin gwangwani ba leda ba. In tankoki da motoci ne ka ba shi ido rufe, in sojojin ƙasa ne ka ce ya ƙara maka kamar 20 a kan 100 kuma kada su wuce ƴan mintuna a rana. Ni dai na riga na kai masa fayil ɗin manyan injunan yaƙi masu ƙafa biyu guda uku, ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar.