Tsakanin tocila mai zum da Convoy S2+, ga abin da na gani da idona

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tocilolin nan guda biyu da ka turo hotonsu kana tambayar wacce za ka saya, wato doguwar nan mai zum (wadda ake matse haskenta ko a baza shi) da aka rubuta lumen 90000 a kwalinta (lumen ma'aunin yawan haske ne) da kuma Convoy S2+, duk sun ratsa ta hannuna, kuma ni dai shawarata ka ɗauki Convoy ɗin kawai ka huta.

Tawa ta kusa shekara uku a aljihuna. Daminar bara akwai wani dare da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga NEPA sun ɗauke wuta tun magariba, sai kwatar ƙofar gidanmu ta toshe da ledoji ruwa ya fara komowa tsakar gida har ya kusa dokin ƙofar ɗakin Hajiyarmu. Ni da ƙanina muka fita da shebur, na sa tocilar a haske na tsakiya na ba yaro ya riƙe mana, muna tono ruwa na dukanta, sau ɗaya ma ta suɓuce masa ta faɗa cikin taɓo ya ɗauko ya goge da riga aka ci gaba, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mun fi awa biyu a wurin, da muka gama ma da ita na duba rufin ɗakuna inda yake yoyo, kuma batirin bai mutu ba. Wallahi tun daga daren nan ba na kwanciya sai na taɓa ta a gefen filo.

Ita kuwa mai zum, gaskiya tana jefa haske nesa idan ka matse ta, iyakar abin da zan yaba mata ke nan. Tawa ko wata biyu ba ta yi ba makunnin ya fara wasa, sai ka bubbuga ta kafin ta kama.

Maganar daɗewar caji da kake ta ji, lissafi ne mai sauƙi, kuma yana kan batiri ne fiye da tocilar. Duka biyun batir 18650 suke ci, sunan ma girmansa ne, kauri milimita 18 tsawo milimita 65. Masu kyau na Samsung ko LG ko Panasonic suna tsayawa ne tsakanin mAh 2500 zuwa 3500 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), irin su Samsung 35E da LG MJ1 su ne na 3500 ɗin. Convoy irin tawa idan ka ƙure ta tana jan wuta amp 2.8, wato mA 2800, tana ba da haske wajen lumen 1000, to raba 3500 da 2800 ka gani, awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan batir ya ƙare. Kuma kafin nan kanta zai yi zafin da ba za ka so riƙewa ba, don haka ba a barin ta a ƙure, na leƙa bayan gida ne ko haska ƙarshen lungu sai ka rage. Idan ka sauke ta zuwa kashi 35 cikin 100 na ƙarfinta za ta kai ka awa uku da wani abu, a kashi 10 kuwa ta haura awa goma, kuma wannan kashi 10 ɗin ya ishe ka cin tuwo da karatun yara da zagayawa, ni idan na tsayar da ita tana kallon silin ɗaki gaba ɗaya yake washewa. Kusan duk amfanina a nan yake, shi ya sa sai in yi sati ban yi caji ba.

Yanzu ka dubi lumen 90000 ɗin can. Fitilar gaban mota ta halojin guda ɗaya wajen lumen 1000 zuwa 1500 take bayarwa, to ta yaya abin da ke shiga aljihu da batir ɗaya zai yi hasken fitilun mota sittin? Rubutu ne kawai a kwali. Abin da ke ruɗar mutane shi ne idan mai shago ya matse zum ɗin ya haska bango sai ka ga ɗan murabba'i fari tas ka ɗauka ƙarfi ne, alhali tattara hasken aka yi wuri guda, wani ma ya maƙale a cikin kan tocilar bai fito ba.

Ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, ka yi hattara da masu sayar da batir. Duk 18650 da ka ga an rubuta mAh 8800 ko 9900 a jikinsa ƙarya ce tsagwaronta, babu irinsa. Ni an taɓa yi min, na sayi biyu masu jar leda da rubutu ɓaro-ɓaro, ko minti ashirin ba sa yi haske ya dishe, da na koma sai mutumin ya ce wai cajata ce ba ta da kyau. Wasu kuma tsofaffin batiran laftof suke farkewa su zare na ciki su sake musu sabuwar leda su sayar a matsayin sabo. Hanya mafi sauƙi ita ce nauyi, na gaske yana kai giram 45 zuwa sama kaɗan, na jabu za ka ji shi sakayau a hannu. In mai shagon yana da ƙaramin sikeli ka ce ya ɗora a gabanka, in ya fara kame-kame ka yi gaba.

Abu ɗaya da za ka iya jin haushinsa, S2+ ba ta da wurin soka waya, sai ka ciro batirin ka sa a caja ta daban, don haka ka haɗa da kuɗin caja a lissafinka, mai yanke wuta da kanta idan batirin ya kai bolt 4.2. Ka sayi batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a ajiye cikin ɗan akwatinsa na roba, kar ka jefa shi aljihu tare da makullai don yana iya haɗa wuta ya ƙone ka, kuma kar ka bar shi cikin mota a rana lokacin bazara. In ledar jikinsa ta yage ko kaɗan, a sake masa wata kafin ya koma cikin tocila.