Garejin da ya gano abin da ke shanye mini esansi

Wata huɗu Corolla tawa tana cin kuɗɗina ina kallo. Mota ce ta 2004, 'yar Kwatano, da can in na zuba lita 10 nan Maraɗi sai in kai Tasawa hankali kwance, amma abu ya lalace har sai da ta koma shan lita 15 ko 16 a hanya guda. Ko da anka rage farashi a 2024 lita ta dawo 499 ni dai ban gani a aljihuna ba. Ga baƙin hayaƙi, ga warin ɗanyen mai in ta tsaya, ga fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji kullum kunne a tablo.

Makaniken da na saba da shi ya canza buji, ya canza filtar iska, ya wanke injekta, kowane zuwa da kuɗɗinshi, ƙarshe ya ce wai man 'yan ruwa-ruwa ne in daina sha. Na daina, ba ta daina ba.

Wani abokina direba ya tura ni wani gareji a unguwar Zariya inda su ke da na'urar bincike. Maigidan ko bonet bai buɗe ba, ya duƙa ƙarƙashin sitiyari ya soka waya, ko minti 10 ba a yi ba ya juyo mini da allon, lambar matsalar ta fito, P0135. Ya ce Alhaji sonda lamda ce, wayar da ke ɗumama ta ta ƙone. Ashe wani ɗan ƙarfe ne kamar buji, ɗaure a bututun hayaƙi kahin katalizer (tukunyar da ke tace hayaƙi), mai waya huɗu, aikinshi sunsuna iskar da ta rage cikin hayaƙi ya gaya ma kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage. In ya daina magana sai kwamfuta ta riƙa zubawa da yawa don kar inji ya ji ƙishi. Shi kenan asirin.

Cirewa ita ce wahala, tsatsa ta kama ta gam, sai da sunka fesa mai sunka jira sannan yaronshi ya hau kan sifana 22 da ƙarfinshi duka. Da ta fito bakinta baƙi ƙirin, na shafa yatsa ya dawo kamar na taɓa gindin tukunya.

Abin da ya burge ni, ya aje mini biyu a kan benci, ta Denso jika 35 da wata marar suna jika 12, ya ce mai arahar ba zai ba ni garanti ba, in zaɓa. Na ɗauki Denso ina ƙunƙuni. Bincike jika 5, aikin hannu jika 3, tsohuwar kuma ya ƙulla mini a leda.

Inda ban ji daɗi ba, wajen zama babu, inuwar bedi guda ce mu kusan takwas ƙarƙashinta da zafin azahar, kuma yaron ya bar mini tambarin baƙin mai a kujera wanda har yau bai gama fita ba. A je da sassafe in ana so a samu layi.

Sati ukku ke nan, fitila ba ta sake kamawa ba. Ran Lahadi na je Tasawa ɗaurin aure da mutum huɗu a baya da kilim kunne, lita 11 ta sha.