Adaftar DisplayPort zuwa HDMI: wata biyu ina amfani da ita, ga yadda sauti ya kasance a talabijin

Na daɗe ina so in rubuta wannan saboda yawan mutanen da nake gani suna kuka wai sun jona kwamfuta da talabijin hoto ya fito tar amma sauti shiru, kuma abu na farko da suke yi shi ne su ɗora wa waya ko adafta laifi su tafi sayo wata. Ni ma ta nan na bi. Katin girafik ɗina, wato katin da ke fitar da hoto daga kwamfuta, na NVIDIA ne, ramin HDMI ɗaya gare shi sai DisplayPort uku kamar yadda yawancin katunan yanzu suke zuwa, to HDMI ɗin monita ta riga ta kama shi don ita ba ta da wani rami sai shi da VGA, talabijin kuma ba ruwanta da DisplayPort sam. Dole sai adafta.

Wacce na fara saya irin 'yar ƙaramar nan ce da ake ce wa fasif, kusan ba komai a cikinta, katin ne da kansa yake juya siginar ta koma ta HDMI in dai raminsa mai alamar DP++ ne. Ta yi aiki, ba zan mata ƙarya ba, amma 4K ɗin a 30Hz ta tsaya, kana motsa maus kana ganin yana jan ƙafa, gem kam ba a magana. Sautin ma lokaci lokaci sai ya ɗauke kamar na daƙiƙa ɗaya ya dawo, a tsakiyar fim abin na ci min rai sosai. Shi ya sa na koma na nemo aktif, mai ɗan cif a ciki wanda shi ke yin juyin da kansa, an rubuta HDMI 2.0 a jikin kwalinta, wato 4K a 60Hz. Ita nake bita a kai.

Ranar da na jona ta hoto ya fito nan take, sumul, amma sauti babu. Nan ne nake so mutane su tsaya su gane wani abu. Katin girafik na zamani yana da nashi ɓangaren sauti a ciki, daban da na madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, kuma Windows yana ganinsu a matsayin na'urori biyu. In ka jona talabijin ba lallai ya koma kanta da kansa ba, sai ya ci gaba da tura sauti ramin sifika na bayan kwamfuta inda ba ka jona komai ba. Abin da na yi shi ne na danna maɓallin Windows da R na rubuta mmsys.cpl, a shafin Playback na ga sunan talabijin ɗina da NVIDIA High Definition Audio a ƙarƙashi, na zaɓe shi na danna Set Default, shikenan sauti ya ɓarke. In kai ba ka ga sunan ba ka danna dama a fili ka kunna Show Disabled Devices, in har yanzu babu to da alama diraiban sautin, wato manhajar da ke sa shi aiki, shi ne bai shiga ba lokacin da ka saka na katin, sai ka sake saka shi ka tabbatar HD Audio na cikin abin da ka zaɓa. Masu katin AMD ma haka ne, suna ne kawai ya bambanta. Kuma don Allah a duba inda aka soka wayar, da yawa suna soka ta a HDMI na madabod can sama alhali katin yana ƙasa.

Tun daga ranar sautin bai sake yankewa a tsakiyar kallo ba, ko sau ɗaya, kuma na yi kallo na awa uku huɗu a jere. Baki da magana suna tafiya tare. A gem na ɗan ji jinkiri da farko amma daga talabijin ɗin ne, ina kunna Game Mode ya tafi.

Abin da bai min daɗi ba guda biyu ne. In an jima ba a kunna komai ba sai ka kunna bidiyo, farkon maganar kamar rabin daƙiƙa zuwa ɗaya yana ɓacewa kafin talabijin ta farka ta kama, ƙananan sautukan sanarwa kam wani lokacin ba ka jinsu gaba ɗaya. Na gwada da HDMI kai tsaye na ga nan ma yana yi, don haka ba zan ce laifin adaftar ba ne ita kaɗai, amma da ita ya ɗan fi tsawo a kunnena. Na biyu, in na kashe talabijin Windows sai ya mayar da sauti wani wuri, in na kunna yawanci yana dawowa, amma an yi sau uku da sai da na zare adaftar na mayar. Tana kuma ɗan ɗumi in ta daɗe, ba zafin da zai tayar da hankali ba dai.

Maganar 5.1 kuma, wato sauti mai sifika biyar da ta bas ɗaya, kar wanda ya saya da zaton adafta ce za ta ba shi. HDMI na iya ɗaukar tasha 8 na sauti ko ma fiye, amma talabijin ce ke gaya wa katin abin da take iya karɓa ta wani bayani da ake kira EDID, kuma tawa sitiriyo kawai ta ce, don haka Windows sifika biyu ya nuna min. Da na bi ta sandbar, doguwar sifikar nan ta talabijin, mai ramin shiga na HDMI sannan daga ita zuwa talabijin, sai ga 5.1 ya bayyana a setin, wato adaftar tana wuce da shi lafiya lau. In ta talabijin za ka bi ka dawo da sauti sandbar, ARC, wato hanyar da talabijin ke mayar da sauti ta wayar HDMI, na da iyaka, sitiriyo ne ko Dolby Digital matsattse, eARC da ya zo da HDMI 2.1 shi ke ɗaukar cikakken sauti.

Masu tsofaffin kati ku yi hankali, wannan ba taku ba ce. VGA ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, DVI ma a asalinsa hoto ne zalla, duk da wasu katunan Radeon tun na 2007 suna fitar da sauti ta DVI in aka sa adaftarsu ta musamman, su kuma GeForce irin 9800 da GTX 260 sai an ja 'yar waya mai fil biyu ta S/PDIF daga madabod zuwa katin tukuna. In naka irin waɗannan ne kuma ba ka son wahala, duba bayan talabijin, wasu suna da HDMI ɗaya da aka rubuta DVI a gefensa tare da ramin odiyo na 3.5mm, sai ka ja wayar sauti daban.

Abu ɗaya da za a kula kafin saya, hanya ɗaya take bi, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na talabijin, ba ta yin akasin haka. Ka haɗa ta da wayar HDMI mai kyau wacce ke ɗaukar 18Gbps in 4K kake so. Ni dai huɗu cikin biyar na ba ta, ɗayan na riƙe ne saboda zarewa da mayarwar nan, kuma in talabijin ɗinka 1080p ce fasif mai kyau ma za ta ishe ka.